Fitsarin jinin yaro ya dawo bayan an sha magani: ina matsalar take?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni manomin shinkafa ne a yankin noman rani. Ɗana mai shekara 11 yana fitsarin jini, musamman a ƙarshen fitsari. Bara an ba su magani a makaranta, jinin ya ɗauke, bana kuma ya dawo. Kakarsa ta ce ba ciwo ba ne, alamar girma ce, duk namiji sai ya yi. Wani maƙwabcina ya ce maganin makarantar ne ba shi da kyau. Na sayo masa maganin tsutsar ciki a kemis, ba abin da ya canza. Ƙanwarsa ba ta fitsarin jini, amma tare suke zuwa wanki bakin ruwa. Yaya zan yi?

Amsa: Barka kadai, Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa albarka a gona.

Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da ke shiga ruwan noman rani, galibi tsargiya ce. Akwai wasu abubuwan da kan kawo jini a fitsari, kamar tsakuwar ƙoda ko ciwon mafitsara, shi ya sa za mu zo kan maganar gwaji. Amma bari in fara da wanke maganin makarantar nan daga zargi. Ya yi aikinsa, shaida kuwa ita ce jinin ya ɗauke. Abin da ya faru shi ne yaron ya koma ruwan da ya ba shi cutar tun farko, ya sake kwasowa. Maganin yana kashe tsutsar da ya tarar a jiki ne kawai, ba riga-kafi ba ne. Ko gobe yaro ya koma ruwan, sabuwa za ta shiga.

Tsargiya tsutsa ce, sai dai ba a hanji take zama ba kamar wadda aka saba gani a bayan-gidan yara. A cikin jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara take. Tsawonta santimita 1 zuwa 2 ne, namiji da mace manne da juna, macen kwance cikin wani tsagi a jikin namijin. Haka suke zama shekara 3 zuwa 5, wasu ma su daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganinta a 1851 a birnin Alƙahira, yana binciken gawa a asibiti. Ita kanta tsutsar ba ta cika yin ɓarna ba. Ƙwanta ne masifa. Kullum macen tana zuba ƙwai, kowane ƙwai da 'yar ƙaya a gindinsa, yana huda bangon mafitsara don ya fita tare da fitsari. Wannan hujin shi ke kawo jinin, kuma an fi ganinsa a ƙarshe saboda a lokacin ne mafitsara ke matsewa ta tatso ragowar fitsarin. Ƙwan da bai samu fita ba kuwa, a cikin naman mafitsara yake maƙalewa, jiki ya yi ta faɗa da shi, wurin ya yi ta tabo.

Wanda ya fita, in a busasshiyar ƙasa ko cikin masai ya faɗa, shi ke nan ya mutu. In kuwa a ruwa ya faɗa, sai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsakon ya yi ta iyo yana neman wata irin ƙaramar katantanwa ta ruwa. Ba babban dodon koɗin da ake gani da damina ba ne. Wannan ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, tana manne a ƙarƙashin ganyen bado, ko jikin kacala da sauran ciyayin bakin kanal, inda ruwa ba ya gudu sosai. A cikinta tsakon ke hayayyafa, bayan wata ɗaya ko fiye sai dubbai su fara fitowa, ido ba ya ganinsu. Su ne ke huda fatar mutum su shige cikin 'yan mintuna, ba sai da rauni ko kaushi ba. Wani yakan ji ɗan ƙaiƙayi bayan ya fito daga ruwa, wani ba ya jin komai. Kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Daga shigarsu jiki zuwa ranar da za a fara ganin ƙwai a fitsari, wata 2 zuwa 3 ne. Shi ya sa iyaye ba sa haɗa jinin da wankan da yaro ya yi tun watanni baya.

Saboda haka ba a ɗaukar tsargiya ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana a tabarma ɗaya, ko tsallake fitsarin mai ita. Shan rake ko yawo a rana ma ba sa kawo ta. Dole sai fitsarin mai cutar ya shiga ruwa, ruwan yana da katantanwar, wani kuma ya sa jikinsa a ciki.

Ba yankinku kaɗai ba ne. Duk inda aka datse ruwa aka ja magudanan ban-ruwa a Afirka, cutar nan takan biyo baya, domin katantanwar ta sami ruwan da ba ya ƙafewa rani da damina. Haka abin yake a magudanan Kadawa da madatsar Tiga ke ciyarwa tun shekarun 1970, haka a Bakolori ta wajen Talata Mafara, da fadamun Haɗeja da Nguru, da gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara a Nijar, da Jazira ta Sudan, da tafkin Bolta na Gana. A Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, cikin 'yan shekaru tsargiyar hanji, wato nau'inta mai zama a jijiyoyin hanji maimakon na mafitsara, ta mamaye garin Richard Toll, inda da ba a san ta ba. Ko ƙananan dam-dam da kududdufan gari ba a bar su a baya ba. Masu binciken da suka bi diddigin cutar a Malumfashi cikin shekarun 1970 sun ga yara maza da samari su ne suka fi shiga ruwan, su ne kuma suka fi gurɓata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne ke bukatar maganin tsargiya, kusan kashi 90 cikin 100 a Afirka, kuma Najeriya ce kan gaba. Ni ba na cikin masu tsine wa noman rani, shi ke ciyar da mu. Amma kuskure ne a gina kanal a kai wa gari ruwa, a manta da rijiyar burtsatse da makewayi.

Maganar kaka kuwa, kada ka yi mata gatsali, domin abin da ta gani da idonta ta faɗa. A ƙauyen da kusan kowane yaro ke fitsarin jini tsakanin shekara 10 zuwa 15, dole a zaci wani mataki ne na girma, tunda ya zo daidai da lokacin balaga. Ga shi kuma idan yaro ya zama magidanci jinin yakan ragu ko ya ɓace, saboda ya rage iyo, jikinsa ya ɗan saba da yaƙar tsutsar, bangon mafitsarar kuma ya yi kauri da tabo. Sai a ce ai ga shi ya wuce da kansa. Jinin ne ya ɓuya, ɓarnar tana nan. Tabon nan yakan matse bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, fitsari ya riƙa taruwa a baya, ƙoda ta kumbura, a hankali ta lalace ba tare da wani zafi na a-zo-a-gani ba. Tsargiyar da ta daɗe tana cikin sanannun abubuwan da ke jawo sankarar mafitsara, kuma a asibitocinmu mukan ga hakan ga manoma da masunta 'yan shekara 40 zuwa 50, waɗanda in ka tambaye su sai su ce sun yi fitsarin jini suna yara, ya tafi. Tun kafin a kai can ma, yaro yana asarar jini kaɗan-kaɗan kullum, ga kasala, ga rashin girma, ga barci a aji. Idan kana son kaka ta gamsu, tambaye ta cikin ladabi: jikokinta da ke birni, waɗanda ba sa shiga kanal, su ma suna yi? Ai su ma maza ne, suna kuma balaga.

Maganin da ka sayo a kemis, mai yiwuwa albendazol ne ko mebendazol, irin su Zentel da Vermox. Magunguna ne masu kyau, sai dai ba na wannan tsutsar ba ne. Na tsutsotsin hanji ne, waɗanda hanyarsu daban. Akwai doguwar nan da ake kira macijin ciki, wadda kan kai santimita 30, macenta tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana. Ƙwan yana fita da bayan-gida, ya zauna a ƙasa, ya dawo baki ta hannun da ba a wanke ba, ko latas da kabeji da karas da aka yi wa ban-ruwa da ƙazamin ruwa. Akwai mai ƙugiya, wadda ke shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta kama bangon hanji tana zuƙar jini. Ita ce ke ɗashe yara da masu ciki. Akwai 'yan ƙanana farare masu sa yaro susar dubura da dare. Duk waɗannan albendazol yana maganinsu. Tsila kuma, mai fita gaɓa-gaɓa, daga naman shanun da bai gasu ko bai dahu sosai ba ake samunta, ita maganin tsargiya ne ma ya fi kama ta. Kuɗinka dai bai tafi a banza ba, don yaron da ke zaune inda ake bahaya a fili da wuya a rasa tsutsar hanji a cikinsa. Amma ko kwali guda ya shanye, tsargiyar ba za ta ji a jikinta ba.

Haka nan ka kiyayi mai kemis ɗin da zai ce ciwon sanyi ne ya haɗa wa yaro kafso da allurai. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma ba su kai ga tsutsar da ke cikin jijiya. Jinin tsargiya dama yakan zo ya tafi, yau ja gobe fari, don haka duk abin da aka sha a ranar da ya lafa shi ake yaba wa.

Ka kai shi asibiti ko cibiyar lafiya mai ɗakin gwaji. A karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwai ya fi fita, kuma ya tabbatar ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar. Wannan ya saɓa wa yawancin gwajin fitsari da ake cewa a kawo na asuba, shi ya sa nake jaddadawa. Za a duba da madubin likita, ƙwan yana da siffar da ba a ɓata ta. Idan ba a gani ba a karon farko, ba shi ke nuna babu ba, a maimaita wata rana. A haɗa da gwajin bayan-gida, domin akwai 'yar'uwarta mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ke kawo gudawa da jini, daga baya ta taurara hanta, ta kumbura saifa, har ta kai mutum ga aman jini. A duba yawan jininsa kuma.

Maganin sunansa firazikwantel, a jikin kwali za ka ga an rubuta Praziquantel, ko Biltricide. Da nauyin jiki ake ba da shi: miligiram 40 ga kowane kilo, sha ɗaya. Ƙwaya guda miligiram 600 ce, ke nan yaro mai kilo 30 ƙwaya 2 zai sha. A makaranta ba sa ɗaukar sikeli, sanda mai zane ake jingina yaro a jiki, tsayinsa ya nuna adadin ƙwayoyin. Ma'aikacin lafiya ne zai auna ya faɗa, kada ka kintata da ido, don rage adadin yana barin tsutsa da rai.

Sharaɗin da aka fi sakaci da shi shi ne abinci. Sai yaro ya ci ya ƙoshi, tuwo ko shinkafa ko kunu mai kauri, sannan ya haɗiye da ruwa, kada ya tauna, don ɗacinsa kan sa amai. Bayan an sha, wasu kan ji jiri, ciwon ciki, tashin zuciya ko ciwon kai na 'yan sa'o'i, kuma wanda tsutsar ta fi yawa a jikinsa shi ya fi jin haka. Yawancin labaran da ake bazawa cewa magani ya kwantar da yara a makaranta, in ka bincika za ka tarar yaran da cikin wofi suka fito daga gida. Daga nan sai jita-jita ta tashi, har a ce na hana haihuwa ne. Tun shekarun 1970 aka samar da maganin nan, ɗaruruwan miliyoyin mutane sun sha shi. Kamfanin Merck na Jamus yana ba da har ƙwaya miliyan 250 kyauta a shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, abin da ya sa ake raba shi a makarantu ba ko kwabo ke nan. In ana neman mai taɓa haihuwa a wannan magana, cutar ce.

Akwai waɗanda sai an yi hattara. Mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa yin jijjiga, a gaya wa likita kafin a ba shi. Mai shan maganin tarin fuka ma haka, domin ɗaya daga cikin magungunan, rifamfisin, yana karya ƙarfin firazikwantel. Mai ciki tana iya sha bayan wata 3 na farko, mai shayarwa ma tana sha. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, inda cutar ta kai kashi 10 cikin 100, kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama ya kamata ya sha sau ɗaya a shekara, ba 'yan makaranta kaɗai ba. Idan saye za ka yi, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Kada ka sa ran jinin ya ɗauke washegari. Raunin mafitsara yakan ɗauki makonni kafin ya warke. Sannan maganin bai cika kashe ƙananan tsutsotsin da ba su gama girma ba, don haka idan yaron ya shiga ruwa kwanan nan, likita yana iya cewa a maimaita bayan wasu makonni.

Yanzu ƙanwarsa, wadda a gaskiya ta fi damuna. Rashin ganin jini ba ya nufin ba ta ɗauka ba, sau da yawa jinin kaɗan ne, sai gwaji ke nuna shi, kuma 'yan mata kan ɓoye saboda kunya. A jikin mace ƙwan ba a mafitsara kaɗai yake tsayawa ba, yana maƙalewa a farji da bakin mahaifa da bututun ƙwai. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'i, akasarinsu a Afirka. Alamunsa su ne ƙaiƙayin gaba, fitar ruwa, ciwon mara, in ta yi aure kuma zafi ko jini lokacin saduwa. Duk wanda ya ji waɗannan sai ya ce ciwon sanyi, a yi ta ɗura mata magani shekara da shekaru ba sauƙi, wani lokaci har zargi ya shiga tsakanin miji da mata, ko a ɓata wa budurwa suna a kan cutar da ta samo wurin wanki. Yana iya jawo rashin haihuwa, da ciki a wajen mahaifa, yana kuma sauƙaƙa kamuwa da cutar ƙanjamau. Idan tabon ya daɗe, magani ba ya goge shi duka. Shan magani tun tana ƙarama, kuma a kai a kai, shi ke hana a kai can. Ka tafi da ita gwajin tare da yayanta. Mahaifiyarsu ma, in tana zuwa bakin ruwan, a haɗa da ita. Rabon magani ta makaranta yana da wannan giɓin: yarinyar da ba ta zuwa boko, da almajiri, da ɗan makiyayi, duk yana tsallake su, alhali su ne kullum a ruwa.

Kai ma kanka, Malam, da kake wuni tsaye cikin ruwan shinkafa, ka ba da naka fitsarin. Manya kan ɗauke ta ba alama, ko su ga jini a maniyyi su yi shiru. Sai dai babban mutum da ya ga jini a fitsari kada ya tsaya a kan tsargiya kawai, a yi masa hoton mafitsara da ƙoda.

Ba zan ce maka ku daina shiga ruwa ba, na san abincinku yana ciki. Amma shiga ta rage-rage ce. Wanka da wanki da alwala a dawo da su gida. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da katantanwa. In ba sai na kanal ba, a ɗebo a ajiye a randa ko duro kwana 2 cur kafin a yi wanka da shi, domin 'yan tsakon ba sa wuce haka da rai idan ba su sami mutum ba. Ko kuma a tafasa shi a bar shi ya huce. Wajen dashe da cire ciyawa, dogon takalmin roba yana taimakawa ƙwarai, duk da zafinsa. Aikin da dole sai an shiga ruwa, gara da sassafe a kan tsakar rana, ko da yake wannan ragewa ce kawai. Yashe kanal da cire ciyayin bakinsa, wanda dama kuna yi don ruwa ya gudu, yana hana katantanwar wurin zama. Iyo na wasa shi ya fi wuyar hanawa, don yaro ɗan shekara 11 a zafin bazara ba ya jin kashedi. A nan shan maganin kowace shekara yake da amfani, ko da zai sake kamuwa, tsutsar ba za ta taru ta daɗe har ta lalata ƙoda ba.

Sai gefen da ya fi ƙarfin gida ɗaya: fitsari da bahaya a ruwa. Yaro guda mai tsargiya ya isa ya shuka ta a kududdufin gari duka. Wannan magana ce ta mai unguwa da liman da shugabannin ƙungiyar manoma, kuma ba baƙuwa ba ce, tunda ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ɗan makewayi a bakin gona, nesa da kanal, ba ya cin kuɗi mai yawa. Kun kuma ga yadda aka yi da kurkunu: a ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu shi sama da 650,000 a Najeriya, a 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi, ita da Nijar. Ba shi da magani ko allura, tace ruwan sha da hana mai ciwon shiga tafki ne suka kore shi. Tsargiya ta fi shi taurin kai tunda ta fata take shiga, amma ita tana da magani.

Bayan yaron ya sha, a sake gwada fitsarinsa nan da wata 2 zuwa 3. Idan har lokacin jinin bai ɗauke ba, ko yana yawan fitsari da zafi, a yi masa hoton ƙoda da mafitsara. Idan kuwa kafin nan ka ga fuska ko ƙafafunsa sun kumbura, ko fitsarin ya ragu sosai, ko yana fitar da gudajin jini, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon kwiɓi, kada ka jira ranar rabon magani, a ranar za ka kai shi babban asibiti.